Garken da Maude Ya Sassaƙa

Maude ya yi shekara arba'in yana sassaƙa turmi a Yasore, kuma a duk shekarun nan babu wanda ya taɓa duban aikinsa ya ce ya yi kyau. Aikin kuwa yana da kyau. Haka dai cinikin turmi yake. Mai saye zai zo rumfarsa a kasuwar Batsari, ya zagaya turmin, ya ƙwanƙwasa shi, ya tura hannu ciki, sannan ya yamutsa fuska ya ce bakin ya karkace, gindin ba zai zauna ba, itacen ma ɗanye ne. In ya kai gida, matarsa za ta yi shekara ashirin tana daka a ciki, amma a gaban Maude ba za a yaba ba, don kar ya tsauwala farashi. Kowa a kasuwa ya san wasan. Masu tukwane da masu tabarmi ana kushe nasu suna dariya. Maude ne kaɗai yake ɗaukar maganar ya kai ta gida.

Abin ya samo asali tun yana yaro. Ubansa, wanda ya koya masa riƙon gizago, bai san wata hanyar koyarwa ba sai ƙotar gizagon a ƙeya. Lokacin da tsohon yake kwance ciwon ajali, Maude ya kai masa wani akushi da ya yi kwana tara yana gyarawa, ya ƙona masa zane da ƙarfe, ya shafe shi da man kaɗanya har yana ɗaukar ido. Tsohon ya juya shi sau biyu a hannu, ya ce an ɓata itace, ya mai da fuskarsa bango. Da wannan suka rabu. Matarsa Atika kuwa ta iya tuwo, ta iya baƙar magana, kuma ba ta yi masa rowar ko ɗaya. Haka Maude ya yi furfura da yunwar abu guda a cikinsa: wani mutum, ko wane ne, ya dubi abin da ya fito daga hannunsa ya shaida cewa ya yi. Ya san abin kunya ne ga dattijo, shi ya sa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarar da aka sami mulkin kai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin wata tsamiya a Yasore. Malamin shi ne Malam Ƙasimu, ɗan gidan malamai wanda ya haɗa allo da boko. Maude ya shiga, kuma shi ne na baya a ajin, amma shi kaɗai ne bai gudu ba da damina ta faɗi. Saboda nacinsa Malam Ƙasimu ya ba shi wani littafin labari. Bangon ya yage tun kafin ya zo hannunsa, don haka har ya mutu bai san sunan littafin ba, bai san wanda ya rubuta shi ba. Karatun farko wata uku ya ɗauke shi, yana bin layi da yatsa yana motsa leɓe. Daga nan duk rani sai ya sake shi daga farko, bai kuma taɓa neman wani littafin ba.

Labarin wani makiyayi ne mai suna Daudu, wanda ciwon bushiya ya share masa garke ya bar masa saniya ɗaya tak, mai ƙahon hagu a sunkuye. Aka yi ta ba shi shawara ya sayar da ita ya kama noma, ya ƙi. Ya ja ta gari gari, ya sha yunwa, ya sha dariya, matarsa ta yi tafiyarta. A shafi na ƙarshe sai ga shi da safe a tsaye, sanda a kafaɗa, garke ya dawo, duk 'ya'ya da jikokin saniyar nan ne, ita kuma ta tsufa tana tsakiyarsu. Me ya haɗa masassaƙi da labarin makiyayi? Ba sai an yi dogon bincike ba. Mutum ne aka yi wa dariya shekara da shekaru, sannan wata safiya kowa ya gani da idonsa ya yi shiru. Maude ba ya isa shafin nan bai share ido da bakin riga ba.

Aboki ɗaya gare shi, Yero, wani Bafulatani da rugarsa take bakin dajin Rugu ta wajen Babban Duhu. Yero ya san inda tsohuwar ƙirya ta faɗi da inda danya ta yi kauri, shi yake nuna wa Maude itace. In Maude ya je sara yakan kwana biyu uku a ruga, Asta matar Yero ta dama masa fura da kindirmo, shi kuma ya sassaƙa mata turmi da akushi da kujera bai taɓa karɓar komai ba. Yero yana kiransa Kaɗo, shi yana kiran Yero ɗan daji. Sau ba adadi ya ba Yero labarin Daudu, kullum kuma Yero sai ya ce wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa tatsar saniya ba. Shekara ashirin suna haka ba a taɓa jin kansu ba.

A shekarar babban fari, lokacin da shanu suka yi ta faɗuwa har ungulu suka ƙoshi, wata saniya ta biyo garken Yero daga daji, ƙashi da fata, tana tafiya tana durƙushewa. Ba tasa ba ce, kuma kunnuwanta sun faɗi haka. Kowane gidan shanu yana da yankan kunnensa, masu shanu suna karanta shi daga nesa. Wannan tana da tsaga biyu a kunnen dama, na hagu kuma an huda shi an ɗebe bakinsa. Abin da aka saba shi ne a kai maganar wurin ardo, a yi cigiya a kasuwanni. Da farko Yero bai kai ba saboda ya ɗauka ba za ta kwana uku ba. Ya hau gawo ya saro mata ganye, ya ɗauko mata ruwa a kai, Asta ta raba dusar gidanta biyu. Da saniyar ta miƙe kuma sai ya kasa. Ya ce gobe, ya ce bayan damina, har ta haihu sau biyu a garkensa. A gaban alƙali sunan wannan sata, ko da yake mai ita da ya zo a makon farko gawa zai tarar.

Ƙahonta na hagu a sunkuye yake. Ranar da Maude ya fara ganinta sai ya tsaya da gatari a kafaɗa yana kallonta har Yero ya tsargu. A ranar Yero ya gaya masa yadda ta zo, don ba a ɓoye wa mutumin da yake kwana a gidanka irin wannan.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Kwanonin samira da na roba suka cika kasuwa, aka kafa injin niƙa a Batsari, akushi ya zama kayan tsofaffi. Maude yakan wuni a rumfa ko mai kushewa bai samu ba. Atika ta ce da ma gadi ya nema a Katsina kamar sauran maza, ko ba komai za a ba shi tocila. Ana cikin haka Malam Ƙasimu, wanda a lokacin ya zama hedimasta a Safana, ya zo masa da labari: za a yi baje kolin kayan hannu a filin makaranta bayan girbi, abin da ya fi kyau a kai shi Kaduna. Ya shawarce shi ya kai akusa da kujeru. Maude ya ce to. Amma tun kafin Malam Ƙasimu ya hau kekensa, Maude ya riga ya san shafi na ƙarshe zai sassaƙa, garken Daudu gaba ɗaya, da safe.

Ya fara zuwa wurin Malam Armaya'u, limamin unguwarsu, don ba ya son a ce ya sassaƙa gumaka da tsufansa. Liman ya ɓata rai, ya ce abu mai rai mai inuwa ba a sassaƙa shi, sai in an bar shi da naƙasar da mai rai ba zai rayu da ita ba. Suka daidaita a kan kowace saniya za a huda mata ciki, ba za a yi mata ido ba, Daudu kuma ba fuska. Hujin cikin ya yi wa Maude amfani, a nan ya riƙa sa turaku yana kafa su. Amma in ka hana masassaƙi ido da fuska, ina zai zuba kamanni? Dole sai a ƙaho da tozo da tsayuwa da kunne. Liman bai san abin da ya ƙulla ba, ba kuma laifinsa ba ne.

Maude ya cire tsohon ƙyauren zaurensa ya kwantar, ya daɓe shi da jar ƙasa da makuba ya zama filin ruga. Shanun kuwa da itacen danya ya yi su, kowace tsawon tafin hannu. Bakwai na farko duk ƙafafunsu suka karye, sai daga baya ya gane dole jijiyar itacen ta bi tsawon ƙafa. Ƙahoni ya fere su daga saiwar ƙirya, ya kankare da fasasshiyar kwalba. Kunnuwa ya roƙi guntayen fatar akuya wurin baduku, ya yanka, ya liƙa da ƙaro. Fararen ya shafa musu farar ƙasa, baƙaƙen ya bi su da ƙarfe mai zafi yadda ake baƙanta akushi. Ya yi bukka da ciyawa, ya tufka igiyar rama siririya ya yi dangwali ya ɗaure maruƙa a jere. Da ya jera shanun farko ya ja da baya ya duba, sai ya ga duk saniya ɗaya ce aka maimaita. Ya kwashe su ya ba Atika ta hura wuta, ya ɗauki wuƙaƙensa ya tafi ruga.

Yero ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya yarda. Da dariyar ta lafa ya nuna mai sunkuyayyen ƙaho da sandarsa.

"Kaɗo, ka sassaƙa duk wadda ranka ya so. Wannan dai ka bar ta. Ko ƙahonta kar ka ɗauka."

Maude ya dafa ƙirji ya yi alkawari, kuma a lokacin har zuciyarsa ya yi shi. Ya yi wata biyu yana kai da kawowa, yana zaune a kan kututture da itace a cinya, yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya. Ya koyi cewa wata tana tsayawa da ƙafar baya a gaba, wata tozonta ya kwanta gefe, wata ba ta taɓa ɗaga kai. Labari ya zagaya kasuwanni cewa Maude masassaƙi ya taɓu, yana can rugar Yero yana yi wa shanu 'yan tsana. Bai kula ba. A duk rayuwarsa bai taɓa jin daɗin aiki kamar na watannin nan ba.

Saniya talatin suka tsaya a kan ƙyaure, saura ta tsakiya. Ya ƙago ta daga kansa sau uku, sau uku tana fitowa gungumen itace. Atika ta leƙa ta uku ta ce ɓera ne da ƙaho. Washegari Maude ya zauna a bayan rumbu, ya ɗauki wani guntun danya, ya bar hannunsa ya yi abin da ya daɗe yana so. Wata biyu yana satar kallonta ta gefen ido, ya haddace ta tun daga wuya har wutsiya. Kwana huɗu ya gama. Ya gaya wa kansa ƙahon ai na littafi ne, kunnuwan kuma zai bar su lafiyayyu, babu wanda zai cutu. Ya bar su haka har safiyar tafiya. Da safiyar ya dube ta ya ga kamar an sa mata kunnen aro, ya ɗauko aska ya yi tsaga biyu a na dama, ya huda na hagu ya ɗebe bakinsa.

A bayan akori-kura aka kai ƙyauren Safana, Maude yana tsugune yana rungume da shi. Ya sami gefe a filin makaranta tsakanin mai tabarmi da mai sirdi, ya yaye zanen da ya rufa, ya zauna yana jira. Masu zaɓen kayan da za a kai Kaduna suka zo da rigunan safari, suka tsaya kamar na shan ruwa, ɗayansu ya ce Kaduna kayan gargajiya na gaske take so, wannan wasan yara ne. Mata suka yi ta ƙyaƙyata wa Daudu marar fuska dariya. Har la'asar ta yi, Maude yana zaune yana tunanin yadda zai shiga gida ya haɗa ido da Atika.

Sai ga Alhaji Labaran, babban falken shanu na Safana, mai lodin shanu zuwa kurmi. Ya zo da mutanensa ya tsaya a kan ƙyauren, ya tattare babbar riga ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago bai ɗaga murya ba.

"Wagga saniyata ce. Shekarar fari ta ɓace mani a Rugu. Ga ƙahonta, ga yankan gidanmu a kunnenta."

Kafin ka ce me, filin ya juyo. Masu rigunan safari suka dawo da sauri, aka yi ta ture-ture, magana tana tafiya baki baki cewa Alhaji ya gane saniyarsa a jikin itace, itacen ma marar ido. Wani tsoho ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin hannu irin wannan ba. Maude yana tsaye, daɗi ya cika shi. Shekara arba'in yake jiran wannan la'asar. Sunan Yero bai faɗo masa a rai ba sai da Malam Ƙasimu ya damƙe masa dantse ya ja shi gefe, ya tambaye shi ko ya san abin da ya aikata.

Malam Ƙasimu ne ya aika ruga a ranar aka gargaɗi Yero. Da mutanen Alhaji suka isa, saniyar da 'ya'yanta sun yi nisa a cikin daji, ba su tarar da komai ba. Duk da haka Alhaji ya kai ƙara, aka kira Yero, aka ɗauki ƙyauren aka kai gaban alƙali. A ƙofar kotu Malam Ƙasimu ya sake tare Maude. Ya ce ba a ga saniya ba, Alhaji ba shi da shaida ko ɗaya, magana ta rage a bakin mutum guda.

"Ka ce daga littafi ka ɗauko ta, Maude. Shi ke nan abin da ake so. Yero ya koma gidansa, kai ma ka koma naka."

Maude ya ce in Allah ya yarda haka zai ce.

Yero yana zaune a ƙasa, ya rungume gwiwa, bai dubi inda Maude yake ba. Da aka ciro saniyar itacen daga turkenta aka ajiye a gaban alƙali, ya ɗaga kai ya dube ta sau ɗaya, ya mai da idonsa ƙasa. Ranar ce farkon ganinsa da ita. Malam Ƙasimu ya nemi izini ya buɗe littafin, ya karanta inda aka ce ƙahon hagu a sunkuye yake. Alƙali ya gyaɗa kai, ya ce itace ba ya ba da shaida, in daga littafi aka ɗauko to dace ne kawai. Magatakarda ya ɗaga saniyar da yatsa biyu ya juya ta, ya ce abin da ba shi da ido ai duk abin da ka kira shi ya zama. Wani daga baya ya ce shi da tunkiya ya ɗauka. Aka kwashe da dariya, har alƙali sai da ya rufe baki da rawani. Alhaji Labaran bai yi dariya ba, Maude kawai yake kallo.

Alƙali ya riga ya fara naɗe takardunsa. Don cika ƙa'ida kawai ya tambayi masassaƙi ko daga littafi ya ɗauko ta. Maude ya miƙe. Dariyar ba ta gama mutuwa ba, yana jin ta a bayan wuyansa. Ya san in ya ce e, la'asar ɗin Safana ta zama kuskuren wani attajiri da ya ga itace ya ruɗe, shi kuma ya koma tsohon da ya taɓu. Ya san abin da ɗaya amsar za ta jawo, kar wani ya ce bai sani ba.

"Allah shi gafarta malam, littafi ya faɗi ƙaho, bai faɗi kunne ba. Kunnen ga a garken Yero na gan shi da idona. Alhaji bai yi kuskure ba."

Malam Ƙasimu ya rufe littafin a hankali. Alƙali ya juya ga Yero ya ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani cewa bai san saniyar ba. Yero ya ce ba zai dafa ba, ya faɗi kwarin da aka ɓoye ta.

Aka mai da wa Alhaji saniyarsa da 'ya'yanta biyu. Mutanen da suka je korowa suka haɗa da wasu bijimai biyu, suka ce kama ce ta ruɗe su, ba a kuma dawo da su ba. Aka yi wa Yero bulala ranar kasuwa, a gaban mutanen da ya yi shekara talatin yana gaisawa da su, sannan aka ɗaure shi wata tara. Asta ta ɗauki ƙwarya ta shiga gari, mata suka ce ba sa shan nonon sata. Ta yi ta sayar da shanun ɗaya ɗaya don ta ci da gida. Wata safiya Atika ta buɗe ƙofa ta tarar da turmi da akushi da kujera a jere a bakin zaure, an wanke su tas.

Ƙyauren bai je Kaduna ba. Motar Kaduna ta tafi da tabarmi da sirdi, shi kuwa yana ɗakin ajiyar kotu a matsayin kayan shaida, can gara ta same shi da damina ta gama da shi. Amma an yi kusan wata ana labarin masassaƙin da itacensa ya kama ɓarawo, mutane suna zuwa rumfarsa don su gan shi. Maude yana sunkuyar da kai yana cewa ikon Allah ne. Yana jin ciwon Yero, ba a ce ba ya ji ba, amma in ya tuna muryar Alhaji tana cewa wagga saniyata ce, ciwon yakan yi sauƙi. Da wannan ya riƙa lallashin kansa wata tara. Fulani kuwa suka daina tsayawa a rumfarsa, babu kuma wanda ya sake nuna masa itace a Rugu.

Bayan girbi na gaba Yero ya biyo ta Yasore da hantsi, da shanu goma sha ɗaya, Asta tana gaba da kaya a kan jaki, za su yi kudu. Ya rame, ya yi baƙi. Ya tsaya a bakin rumfar da Maude yake fafe turmi, ya yi sallama, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, gida da iyali da aiki da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba, yadda ake gai da mutumin da ba a sani ba. Bai kira shi Kaɗo ba. Maude ya ajiye gizago yana jiran zagi, har ya shirya wuyansa.

Yero ya ce labari ya kawo masa, wanda ya ji a gidan yari daga bakin wani da ya taɓa yi wa Alhaji Labaran korar shanu. Tun kafin daminar shekarar baje koli wancan mutumin ya ga saniyar a rijiyar Babban Duhu ya gaya wa maigidansa. Alhaji ya san inda take, shaida ce ba shi da ita. Da ya ji a kasuwa wani yana zaune a rugar yana kwaikwayon shanu, sai ya jira ranar baje koli.

"Ba ganewa ya yi ba, Malam Maude. Ya san abin da zai ce tun daga gida. Ko jaki ka sassaƙa ka sa a tsakiya, maganar da zai yi ke nan."

Ko gaskiya ce, ko Yero ya yi wata tara yana wasa wuƙar da ta dace, babu wanda ya sani. A nan ne ya kamata Maude ya faɗi ya kama ƙafar Yero ya nemi gafara, kuma da ya yi, wataƙila da an yafe masa. Ya buɗe baki, abin da ya fito daban.

"Amma kai ka gan ta a gaban alƙali. Kai ka fi kowa saninta. Ta yi kama da ita ko?"

Yero ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya saɓa sanda a kafaɗa, ya yi wa shanunsa magana da Fulatanci, suka bi hanyar kudu.

Maude ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya yana fafe turmi, bai sake sassaƙa wani abu mai ƙafa huɗu ba. Duk Bafulatanin da ya taso daga kudu, in ya yarda ya tsaya, sai Maude ya tambaye shi ko ya san wani Yero na Babban Duhu, ko ya san inda ya sauka, ko akwai mai kai masa saƙo. Mutanen Yasore suka ce nadama ce, har Malam Armaya'u ya kawo shi misali ranar jana'izarsa, ya ce bawan Allah ya mutu yana neman wanda ya zalunta don ya roƙe shi gafara. Atika tana cikin gida aka kawo mata maganar. Ta ce Allah ya jiƙansa, amma ita da ta zauna da shi ta sani, ba gafara yake nema ba, amsar tambayarsa yake jira.